Jiya Na Je Kasuwa: Yadda Turanci Ke Ba Da Labarin Abin Da Ya Wuce



Yau a kan wata 'yar gajeruwar jimla zan tsaya, wadda babu Bahaushen da bai taɓa faɗin ta ba: jiya na je kasuwa. Kalmomi huɗu ne kacal. Yaro ɗan shekara uku zai faɗe ta daidai, ko tuntuɓe ba zai yi ba. Amma ka ɗauki yaron nan bayan ya shekara goma sha biyu a makarantar boko, shida a firamare, shida a sakandare, ka ce ya faɗe ta da Turanci. Sau da yawa abin da za ka ji shi ne "yesterday I go to market". Wanda ya ɗan fi shi ƙoƙari kuma ya ce "I have gone to market yesterday". Duka biyun sun kauce hanya. Abin da Bature ke faɗi shi ne "I went to the market yesterday". To, wannan "went" ɗin da dukan 'yan'uwanta su ne ake kira "past simple" a nahawun Turanci, wato sassauƙan lokaci shuɗaɗɗe. Sunansa mai sauƙi, amma na yi shekaru da alli a hannuna, ban ga wurin da ya fi shi shan jan biro a takardun yaranmu ba.

Bari in fara da wani dare da ba na mantawa. Ina koyarwa a wata sakandare, aji na ƙarshe, jarrabawar fita ta ƙarato. Na ba ɗalibai insha'i, na ce kowa ya rubuta labarin ranar da ba zai taɓa mantawa da ita ba. Na kwaso littattafan na kawo gida, bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kunna 'yar fitila mai batir saboda an ɗauke wuta. Can cikin tarin na ci karo da na wani yaro shiru-shiru, mazaunin bencin baya. Labarin ranar da mahaifinsa ya rasu ya rubuta. Yadda aka aika a kira shi daga gona, yadda ya iso ya tarar da takalma jibge a ƙofar zaure, yadda baffansa ya dafa kafaɗarsa bai ce uffan ba. Labarin ya tsaru, farko da tsakiya da ƙarshe, babu kame-kame. Amma ga abin da ke kan takardar: "my uncle come", "I see many shoes", "they carry him", "we pray". Ina bi ina zagayewa da jan biro, kafin in kai ƙasan shafi takardar ta yi jajur. Na ƙirga, sun haura talatin.

Sai na ajiye biron, jikina ya yi sanyi. Yaron da ya iya lura da takalman ƙofar zaure, ya kuma san inda zai sa su a labari, ai ba dolo ba ne. Da na sake dubawa sai na ga ba kurakurai talatin ya yi ba, kuskure ɗaya ne ya maimaita sau talatin. Wanda kuwa ya yi abu ɗaya sau talatin bai saɓa ba, akwai wata ƙa'ida da yake bi. Ƙa'idar nan ta Hausa ce, kuma ya bi ta tsaf.

Ku saurara da kyau. Na tafi, zan tafi, nakan tafi. Sun sayi goro, za su sayi goro, sukan sayi goro. Me ya canza? Kalmar aiki, wadda masu nahawu ke kira aikatau, tana nan daram inda take. 'Yar ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke juyawa: na, zan, nakan, sun, za su, sukan. A Hausa lokaci kamar akalar raƙumi yake, a gaba ake riƙe shi. Turanci kuwa a wutsiyar kalmar yake ɗaura shi, ko ya cusa shi a cikinta: "walk" ta koma "walked", "sing" ta koma "sang", "go" ta rikiɗe gaba ɗaya ta zama "went". Wakilin sunan kuma, wato "I" ko "he" ko "they", ko motsi ba ya yi. Saboda haka ɗan Bahaushe yakan duba gaba, inda ya saba dubawa, ya ga babu abin canzawa, sai ya ɗauko aikatau yadda ya gan shi a ƙamus ya dasa. Bayan haka ma, a ransa, tun da ya riga ya ce "yesterday", mene ne na maimaitawa? Ai an san jiya ta wuce. Wannan tunani ne mai kyau, sai dai Turanci bai yarda da shi ba. Shi kowane aikatau sai ya sa masa alama, ko da guda ashirin ne a jere.

Kuma ba Hausa kaɗai ke jan yaron ta can ba. Turancin buroka da yake ji a tasha da bariki da finafinan Kudu shi ma haka yake tafiya: "I bin go", "I don go". Aikatau na zaune, 'yar kalmar gaba na aiki. Buroka yare ne mai ƙa'idarsa, ban raina shi ba, amma ƙa'idarsa ta fi kusa da tamu fiye da ta Turancin jarrabawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne nake ganin malamai da yawa ba su tsayawa a kai. Idan Bahaushe ya ce "ya tafi", abin da ya dame shi shi ne, aikin ya kammala ko bai kammala ba. Idan Bature ya ce "he went", abin da ya dame shi shi ne, yaushe. Tambayoyi biyu ne daban. Ku duba: na gaji, na sani, na yarda, na gode. Duk siffar shuɗaɗɗen lokaci ce, amma gajiyar yanzu nake jin ta, godiyar ma yanzu nake yin ta. Mutum na tsaye a bakin ƙofa yana sa takalmi zai ce "to, ni na tafi", alhali ko taku ɗaya bai yi ba. Mukan ma ce "kafin ka iso gobe mun gama", ga shuɗaɗɗe ya shiga gobe ya zauna. Don haka "ya tafi" guda ɗaya tak ta Hausa tana iya zama "he went", tana iya zama "he has gone", tana iya zama "he had gone". Ƙofa ɗaya ce a wajenmu, a wajensu uku. Dole yaro ya tsaya yana waige-waige, wacce zai shiga?

Amsar ba ta da tsawo. Muddin ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, jiya, shekaranjiya, makon jiya, bara, ko wata shekara da ka kira da lambarta, to "past simple" za ka ɗauka. "Nigeria became independent in 1960." Ba a cewa "has become" a nan, domin 1960 ta rufe. "He died last year", ba "he has died last year" ba. Kalmar "has" ko "have" ba ta zama inuwa ɗaya da "yesterday". Ita aikinta shi ne ta nuna abin da ya faru amma igiyarsa na haɗe da yanzu, kamar ka ce "he has gone", wato ya tafi, ba ya nan, kada ka wahalar da kanka da sallama. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, ku yi hattara a nan musamman, domin a Faransanci daidai ne a ce "je l'ai vu hier", kuma shi ke jan hannu a rubuta "I have seen him yesterday". Da Turanci "I saw him yesterday" ake cewa.

Yanzu ga mabuɗin da nake so kowane malami da kowane ɗalibi ya riƙe, kuma a cikin aljihunmu yake tun fil azal. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu. Na ɗaya shi ne mun, kun, sun, an. Na biyu shi ne muka, kuka, suka, aka. Duk wanda ya yi darasin Hausa a sakandare ya san su, kuma manazarta irin su marigayi Farfesa M. K. M. Galadanci, wanda littafinsa na nahawun Hausa ya fito a 1976, sun yi bayaninsu. Paul Newman, a babban kundinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya kira na biyun "preterite", wanda kuwa shi ne tsohon sunan da Turawa ke kiran nasu "past simple" da shi. Ba banza ya zaɓi sunan ba. Ku tuna yadda kaka ke ba da tatsuniya, ko yadda maƙwabci ke ba ka labarin hatsarin da ya gani: sai suka taso, suka sha kwana, aka yi karo, mutane suka taru. Da zarar labari ya kama hanya, abu na bin abu, muka da suka da aka ne ke jan sa. To duk inda Hausa ta jera su haka, Turanci "past simple" yake nema. Na san muka da suka suna da wasu ayyukan, kamar a tambaya, ko wajen ƙarfafa magana irin "su ne suka zo", don haka ban ce ko'ina za su yi daidai ba. Amma a cikin jerin labari, da wuya su yaudare ka. In kuma mutum ɗaya ake magana a kai, inda rubutu ba ya bambanta "ya zo" mai ja da "ya zo" gajere, sai ka mayar da shi jam'i a zuciyarka. In "suka zo" ce ta zauna, ka samu amsa.

Washegarin daren nan da na ba ku labari, abin da na yi ke nan. A makarantar akwai doka, duk wanda aka ji yana Hausa a aji sai ya biya tara. Na shiga, na rufe ƙofa, na ce yau da Hausa za mu fara. Na tambaya wa ya yi tafiya kwanan nan. Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce sun je biki garin kakanninta. Na ce ba mu labari yadda za ki ba ƙawarki. Tana faɗi ina rubutawa a allo: muka tashi da asuba, muka shiga mota, taya ta fashe, direba ya tsaya, muka sauka, aka canza taya, muka isa da la'asar. Na ba wani yaro alli na ce ya ja layi a ƙarƙashin kowace 'yar kalma da ke nuna abin ya wuce. Ya ja a muka, muka, ta, ya, muka, aka, muka. Bakwai. Na ce to kun gani, Hausa ma ba ta ce tun da an ambaci asuba shi ke nan ba, kowane aiki sai da ta sa masa tasa alamar. Turanci ma bakwai zai sa, sai dai a jikin aikatau. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya: "we left", "we got into the car", "the tyre burst", "the driver stopped", "we got out", "they changed the tyre", "we arrived". Ajin ya yi tsit. Sai na ji wani daga baya ya ce a hankali, "Au, Malam, dama haka ne?" Shekara da shekaru ana nanata masa ƙa'idar da Turanci, ba ta shiga ba. Minti ashirin da harshen uwarsa, ta zauna.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka koya musu shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ni dai ra'ayina, tarar da ake cin yaro don ya yi Hausa, kamar a ƙwace wa makaho sanda ne sannan a ce ya yi sauri.

To bari mu shiga siffofin kansu. Mafi yawan aikatau na Turanci masu bin ƙa'ida ne, harafin e da d kawai ake liƙa musu a ƙarshe. A rubuce abu ɗaya ne, amma a baki sauti uku ne. A "walked" da "stopped" da "washed", t ake ji a ƙarshe, gajeriya, ba wasali. A "played" da "called" da "cleaned", d ake ji, ita ma ba wasali. Sai in kalmar da ma ta ƙare da t ko d, kamar "wanted" da "needed", nan ne kaɗai ake ƙara gaɓa cikakkiya. In kana shakka tsakanin na farko da na biyu, ɗora yatsa a maƙogwaronka ka furta sautin ƙarshe na kalmar. In ka ji yana rawa, d ce za ta biyo, in ba ya rawa, t ce.

Me ya sa na tsaya a kan furuci alhali rubutu ake yi wa maki? Domin a kunne matsalar ke farawa. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a ƙarshen kalma. Ku dubi yadda muka karɓi baƙin kalmomi: burodi, benci, sukudireba, duk sai da muka zuba musu wasula suka yi laushi kafin su shiga bakinmu. Yanzu ka ce wa mai wannan harshe ya furta "asked", baƙaƙe uku a jere, s da k da t, babu wurin shan iska. Abin da zai fi masa sauƙi shi ne ya haɗiye na ƙarshe. Malami ya haɗiye, ɗalibi bai ji ba, abin da bai ji ba kuwa ba zai rubuta ba. Daga nan ne "I am suppose to" ta fito maimakon "supposed to". Daga nan ne kuma "I use to go" ta samo asali, har mutanenmu suka mayar da ita ma'anar "nakan je", alhali a Turanci "I used to go" na nufin da can nakan je, yanzu na daina. Mai son ya ce nakan je, "I usually go" zai ce. Saboda haka, 'yan'uwana malamai, ku fito da wutsiyar nan fili idan kuna magana a aji, ko da za ta ɗan yi nauyi a baki.

Rubutunsu ba ya buƙatar dogon bayani: "stop" tana ninka p ta zama "stopped", "carry" tana musanya y da i ta zama "carried", "play" kuwa tana barin tata saboda wasali ne a gabanta.

Sai kuma masu taurin kai, waɗanda ba su bin ƙa'ida, su kusan ɗari biyu. Yara kan tambaye ni, Malam, me ya sa Turawa suka wahalar da kansu haka? Amsar ita ce ba wanda ya zauna ya tsara, gado ne. Canza wasalin ciki, irin na "sing" da "sang", "drink" da "drank", "write" da "wrote", shi ne tsohon tsari, ya girmi na liƙa e da d. Masanin nan na Jamus, Jacob Grimm, wanda shi da ɗan'uwansa Wilhelm suka shahara da tattara tatsuniyoyi, shi ya raɗa wa irin waɗannan suna ƙarfafa, sauran kuma raunana, domin ƙarfafan da kansu suke juyawa ba su neman taimakon ɗafi. Ita kuwa "went" asalinta ma ba 'yar gidan "go" ba ce. Ta wata tsohuwar kalma ce, "wend", aka aro ta, ta zauna har aka manta baƙuwa ce.

A 2007 wasu masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka, Erez Lieberman da abokan aikinsa, suka wallafa wani nazari a mujallar Nature. Sun bi sawun aikatau 177 marasa bin ƙa'ida a tsohon Turanci, suka ga 145 ne suka rage haka a Turancin tsakiyar zamani, a na yau kuma saura 98. Sauran duk sun miƙa wuya sun karɓi e da d. Kalmar "help", alal misali, da can "holp" ake cewa, yau "helped". Abin da suka gano shi ne, waɗanda ba a cika amfani da su ba su ke fara sallamawa, waɗanda ke bakin mutane kullum su ke tsayawa kan bakansu. Shi ya sa aikatau goma da aka fi amfani da su a Turanci duk marasa bin ƙa'ida ne: "be", "have", "do", "say", "make", "go", "take", "come", "see", "get". Darasin da ke ciki ga mai koyo a fili yake. Jadawalin nan na bayan littafi da ake sa yara su haddace daga harafin a, su fara da kalmomin da ba za su yi amfani da su ba ko sau ɗaya a shekara, ɓata lokaci ne. A fara da goman nan, a ƙara da na ci da sha da saye da sayarwa, "ate", "drank", "bought", "sold", a sa su cikin jimlolin da suka shafi rayuwar yaron.

Kada kuma mu ɗauka mu ba mu da irin wannan. Ka tambayi Baturen da ke koyon Hausa yadda jam'inmu ke gasa masa aya a hannu. Gida gidaje, jirgi jirage, akuya awaki, mace mata, sa shanu. Tsakanin sa da shanu ai akwai tafiya irin ta "go" da "went". Wane ne a cikinmu ya haddace su daga jadawali? Ji muka yi, muka faɗa, aka gyara mana, suka zauna. 'Ya'yan Turawa ma haka suke yi, akwai shekarun da za ka ji suna cewa "goed" da "buyed". Tun 1958 wata masaniya, Jean Berko, ta nuna da ƙagaggun kalmomi cewa ƙananan yara ƙa'ida suke kamawa su yi ta shimfiɗa ta a ko'ina. Don haka idan ɗanka ya rubuta "teached", kada ka yi masa tsawa. Ya fi wanda ya rubuta "teach" nisa, ya gane akwai alamar da ake sawa, saura ya san wannan kalmar tata daban ce, "taught".

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, yaron nan da ya kasa "walked" da safe, da yamma yana islamiyya yana rera kataba, katabat, katabta, katabti, katabtu, ba ya kuskure. Ya san fi'ili madi, wataƙila ma ya fara Ajurumiyya. Wato ya riga ya san akwai harshen da ke juya wutsiyar aikatau. Ba a dai taɓa ce masa aikin iri ɗaya ne ba. Malamin boko bai leƙa allon yamma ba, yaron kuma ya ajiye ilimin nan biyu a ɗakuna daban.

Saura tambaya da korewa, inda ƙwararru ma kan zame. Za ka ji mutum da digirinsa ya ce "did you went?" ko "I didn't saw him". Wannan kuskuren mai ƙoƙari ne, ya koyi "went" da "saw" yana tsoron sakin su. Amma kaya ɗaya ba a ɗora wa jaki biyu. Da zarar "did" ta shigo, ita ta ɗauki lokacin, aikatau sai ya koma yadda yake: "did you go?", "I didn't see him". Ku lura, a nan Turanci ya dawo gidanmu, 'yar kalmar gaba ce ke riƙe da akala, kamar yadda muke cewa bai tafi ba. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana iya yin tambaya da "did" ko ba tare da ita ba, daga baya ne ta kafu. Ga wurare biyu da ba ta shiga: wajen "was" da "were", sai a ce "were you there?", da kuma inda ake tambayar wanda ya yi aikin, sai a ce "who came?".

Wani zai ce, duk wannan dogon zance a kan harafi biyu? Ai ko an faɗa ba daidai ba ana ganewa. A hira, sau da yawa haka ne. Amma ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO zai rubuta insha'i mai kalmomi wajen 450, kuma in labari ya zaɓa, kusan kowane layi akwai aikatau da ke jiran alamarsa. Ba kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take, ko da ya cinye lissafi da kimiyya. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun zauna gida shekara biyu, uku, saboda wannan takarda ɗaya, wasu har suka haƙura. Bayan makaranta ma abin na nan. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki ta rubuta "I give him the injection", mai karɓarta da safe ta tsaya tana tunani, an yi masa allurar ne ko kullum ake yi? "I gave" da ta rubuta, da magana ta ƙare. Wanda ke rubuta bayani a ofishin 'yan sanda, da sakataren da ke rubuta abin da aka tattauna a taro, da ɗan kasuwar da ke aika saƙo Legas ko Dubai yana so ya ce na riga na biya, duk a kan harafin nan biyu suke tsaye.

Ga iyaye, ko ba ku jin Turanci akwai abin da za ku iya. Bayan cin tuwon dare, ki ce wa 'yarki ta ba ki labarin yininta da Hausa, jimla biyar. Sannan ta rubuta su da Turanci, ta ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ta tambayi kanta, na sa masa alamarsa? Gobe ta kai wa malami ya duba. Ga ɗalibai kuma, ku nemi littafin labari, irin The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda a Minna aka haife shi kuma a ƙasarmu ta Arewa labarin ke gudana, ko Things Fall Apart na Chinua Achebe da ya fito a 1958. Ku ɗauki shafi ɗaya da fensir, ku zagaye duk aikatau da kuka gani. Za ku tarar kusan dukansu irin waɗanda muka yi magana a kai ne yau, suna jere kamar muka da suka.

Shi kuwa yaron bencin baya, ban karanta takardarsa a gaban aji ba. Bayan an tashi na kira shi gefe, na yi masa ta'aziyya, na ba shi sabuwar takarda na ce ya sake rubutawa, kalma ɗaya kada ya canza sai aikatau. Bayan kwana biyu ya kawo. "My uncle came." "I saw many shoes." "They carried him." "We prayed." Na bi layi-layi da biro a hannu, ban sami inda zan sa shi ba, har na iso jimlar ƙarshe. A nan ya rubuta "my mother still keeps his cap". Hannuna har ya ɗaga zai zagaye "keeps", sai na tsaya. Na dube shi na ce, wannan fa, ka manta ne? Ya ce, "A'a Malam, hular tana nan har yanzu."